Ranar Da Na Yanka Takalmin Auta

Ni mai walda ne. Shekara arba'in da ɗaya ina haɗa ƙarfe da wuta, kuma ban taɓa ba mutum haƙuri a kan abin da hannuna ya yi ba. Ku riƙe wannan kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan. Na san za ku zaga. Ku bari in gama tukuna.

'Ya'yana biyar. Huɗu sun kama gabansu. Saura Auta a gida, shekararta ashirin da huɗu, tana sayar da magani a wani kanti a bakin babban titi. Yarinya ce mai shiru-shiru. Tun tana ƙarama, in na ɗaga murya sai ta sunkuyar da kai ta kalli yatsun ƙafarta. Ita ke wanke mini ido da ruwan sanyi duk ranar da hasken walda ya shige ni. Ita kaɗai ta san yadda nake son shayina. A cikin biyar ɗin, ita ce tawa. Ban taɓa gaya mata ba. Ba a faɗa.

Gudun ya shigo gidana kamar wasa. Likita ne ya ce uwarsu ta riƙa tattaki saboda hawan jini, Auta ta riƙa raka ta da sassafe. Uwar ta gaji a sati na biyu. 'Yar ba ta gaji ba. Tattaki ya koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu. Kafin shekara ta zagayo, wata rana ta ajiye mini shayi ta durƙusa, ta ce tana son shiga gudun fanfalaki. Kilomita arba'in da biyu.

Na ce, "Wa ya biyo ki?"

"Babu kowa, Baba."

"To wa kike bi?"

"Babu kowa."

"Mutum biyu na sani suna gudu a titi. Ɓarawo da mai kama ɓarawo. Ke wacce ce a ciki?"

Uwarsu ta tuntsire da dariya daga kicin. Auta ba ta yi dariya ba. Ni kuma ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Na ɗauka zazzaɓi ne, zai sauka da kansa.

Sai Mai Agogo ya ɓullo. Malamin motsa jiki ne a wata makaranta. Shi ke tara masu gudu, su bakwai zuwa takwas, maza da mata, a gindin tudun da ke bayan unguwarmu, wanda tankin ruwa ke samansa. Dogo ne, siriri, wuya kamar na zalɓe. Ya zo shagona sau ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce yana son Auta da aure. Na ɗage gilashin walda, na fara gaya masa ko ni wane ne. Ina cikin magana na ga idonsa ya sauka kan agogon hannunsa. Na ci gaba. Ya sake kallo.

"Sauri kake yi?"

"A'a Baba, sabo ne kawai."

"To tashi ka je ka saba a wani wurin."

Tun ranar na sa masa suna. Tun ranar kuma ban sake barinsa ya taka ƙofata ba.

Abin ya ɓaci ne ran wata Talata. Ina yanka ƙarfen taga wayata ta yi ƙara. Yayata ce, wadda yara ke kira Gwaggo. Ta turo hoto. Auta ce a saman tudu, da dogon wando baƙi da riga mai dogon hannu, ta dafa gwiwoyi, bakinta a buɗe. Mai Agogo a gefenta, ya kusa manne mata, yana miƙa mata gora. A ƙasan hoton akwai saƙon murya. Na danna.

"Kai mai walda! Kana can kana yi wa mutane ƙofofi, taka a wangale take. Ga 'yarka nan, duk dangi sun gani. Da ubanmu yana raye da ba a yi haka ba. Amma shi namiji ne."

Na saurara sau uku. A na uku na kashe injin, na tafi gida.

Takalmin gudunta yana inda take ajiye shi kullum, a inuwa ƙarƙashin tagar ɗakinta, don ta ce rana tana ɓata shi. Launinsa ruwan lemo ne, ƙasansa fari mai kauri, ba nauyi ko kaɗan, in ka ɗaga sai ka ce babu komai a hannunka. Da tsohon buroshin haƙori take wanke shi. Ta cusa takarda a ciki don kar ya lotse. Mai Agogo ne ya raka ta ta zaɓo shi, wannan na sani. Ko ni da na haife ta ba ta taɓa lallaɓa ni yadda take lallaɓa takalmin nan ba.

Na kai shi shago. Na matse ƙafar dama a bakin ƙarfen da nake matse bututu, na kunna injin yanka. Bai yi gardama ba. Ƙarfe yana kuka in ana yanka shi, yana fesa wuta. Wannan hayaƙi kawai ya yi, da warin ƙonanniyar roba. Na yanka na hagu. Biyu suka zama huɗu. Na kawo su gida na jera mata a kan gado, a kan zanen gadonta mai furanni.

Ta dawo wajen ƙarfe biyar, farar rigar kantin a kafaɗa. Ta gaishe ni, ta shiga ɗaki. Na zauna a falo ina jira. Sai ta fito falo da gutsattsarin a rungume a ƙirji.

"Baba, kai ne?"

"Akwai wani mai injin yanka a gidan nan?"

"Wata biyu na yi ina sabar da ƙafata da shi. Wata biyu, Baba. Ba a shiga tsere da sabon takalmi, fata yake ci. Saura sati uku."

"Saura babu."

"Me na yi maka?"

Na jefa mata wayar a kan kujera. Ta kalli hoton. Ta saurari muryar Gwaggonta har ƙarshe.

"Ruwa yake ba ni. Mu takwas ne a wurin. Wanda ya ɗauka ne ya yanke sauran."

"Ɗaga kai kika yi kina kallona?"

"Ina kallonka, Baba. Ni ba ƙyaure ba ce da za ka liƙe ni da wuta."

Na mare ta.

Hannun mai walda ba hannu ba ne. Ta yi baya ta bugi kabad, kofuna biyu suka faɗo suka tarwatse. Leɓenta ya fashe. Uwarsu ta fito da gudu da ludayi a hannu, tana "Malam! Malam, Auta ce fa!" Na san Auta ce. Auta ba ta yi kuka ba. Ta goge jinin da bayan hannu, ta durƙusa ta tsince gutsattsarin takalmin ɗaya bayan ɗaya, ta bar fasassun kofunan, ta koma ɗaki. Na ce a raina an gama.

Washegari gari ya fara haske na ji ana dukan ƙofa. Babban ɗana ne, direban tifa. Zuciyarsa irin tawa, hankalinsa bai kai nawa ba. Shi ma Gwaggo ta tura masa hoton.

"Ina take?"

Na tura ƙofar ɗakinta. Gado a gyare. Akwatin da ke ƙarƙashin gadon an jawo shi, a buɗe. Tsohon kambas ɗinta na makaranta, mai shafaffen ƙasa, babu shi.

Na san tana tudun nan. Na biya ta shago. Akwai guntun rodi da na rage jiya, tsawon hannu, kaurin babban yatsa. Na ɗauka. Ɗana ya gani, bai hana ni ba. Murmushi ma ya yi.

Shekara talatin ina unguwar nan ban taɓa hawan tudun da ƙafa ba. Daga nesa ba komai ba ne. In ka shiga cikinsa sai ka san ƙasa tana da mugunta. Hanyar tsakuwa ce, ta miƙe, ta karkata, ta sake miƙewa. Kafin rabi ƙirjina ya kama wuta, gwiwoyina suna rawa, na koma dogara rodin kamar sanda. Masu gudu biyar suka wuce mu suna saukowa a hankali, suna haki, ba wanda ya kula mu. Na ce wa ɗana, "Wannan suke hawa da gudu?" Ya ce, "Marasa aikin yi ne."

Muna dab da kwanar ƙarshe na ji ihunta.

Na san ihun 'yata. Na manta da ƙirji, na manta da gwiwa. Na sha kwanar.

Ga abin da na gani, kuma ku sa kanku a matsayina. Auta a kwance a ƙasa rigingine, a gindin tankin ruwa, tana ihu tana dukan ƙasa da hannu. Namiji a durƙushe a gabanta. Ƙafarta ɗaya a ɗage, tafin a kan ƙirjinsa. Hannunsa ɗaya a kan yatsunta yana dannawa, ɗaya a kan sharaɓarta. Ba kowa a wurin sai su.

Bai ma ji zuwana ba. Yana cewa, "Numfasa, numfasa, saura kaɗan."

Dukan farko a gadon bayansa ya sauka. Ya saki ƙafarta ya kife. Ya juyo, ya ɗaga hannu, ya ce, "Baba, tsaya—" Na biyu na auna. Ni mai auna ƙarfe ne, ba na kuskure. Ƙwaurinsa na dama. Na ji ƙarar a cikin hannuna kafin in ji ta a kunne, irin ƙarar busasshen icce. Bai yi ihu nan da nan ba. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ɗana ya iso ya sa masa ƙafa a haƙarƙari, sau ɗaya, sau biyu, yana zaginsa, yana zagin uwarsa.

Auta ta kasa tashi. Da ciki ta ja jiki a kan tsakuwa, tana jan ƙafar, ta faɗa a kansa ta rufe shi. Ɗana ya damƙi wuyan rigarta zai fizge ta. Ta kafa masa haƙori a hannu. Ya yi ƙara ya sake ta, jini yana bin yatsunsa. Ni kuma rodina yana sama, na uku. Ta juyo ta kalle ni ta ƙarƙashin hannunta.

"Sauke shi, Baba. Sauke shi a kaina."

Hannuna ya tsaya.

Sai ga masu gudun sun hawo. A gabansu wata mata mai furfura, ƙarama, ashe ma'aikaciyar asibiti ce. Ba ta ji tsoron rodin ba. Ta bangaje ni da kafaɗa, ta durƙusa, ta taɓa ƙafar Mai Agogo, ta ga yadda ta karkace inda ƙafa ba ta karkacewa. Ta ɗago.

"Tsoho, ka haukace ne?"

"Ki tambaye shi abin da hannunsa ke yi a jikin 'yata."

"Jijiya ce ta ɗaure mata! Miƙar da ita yake yi! In naman ƙafa ya ƙulle a tudu haka ake yi, a ɗaga, a danna yatsun. Ni ma jiya shi ya yi mini, ga furfurata. Ni ma za ka zo ka rama mini ne?"

Ta juya wajen Auta, ta kama sharaɓarta. Naman ya dunƙule kamar dutse, ana ganinsa ta cikin wando. Ta danna, Auta ta cije leɓen da na fasa. Sai matar ta zare kambas ɗin daga ƙafarta. Safar ta jiƙe da jini a dunduniya. Ta lanƙwasa takalmin biyu da hannu ɗaya, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Wane mara imani ne ya bar yarinyar nan ta hau tudu sau shida da wannan faifan? Ina takalminta? Wannan ne ya ɗaure mata ƙafa!"

Mai Agogo ne ya yi magana, fuskarsa a cikin ƙasa, muryarsa a shaƙe.

"Na ce mata kar ta hau. Ta ƙi."

Rodin ya yi mini nauyi. Ban yar ba. Na sauko da shi a hannu, mutane suna matsa mini hanya.

A bayan motar wani mai gudu aka kai shi asibiti. Karaya biyu a ƙwauri, haƙarƙari ɗaya ya tsage. Ɗana ya ɗaure hannunsa da tsumma, ya hau tifarsa, ya kashe waya. Gwaggo ta kira sau huɗu, ban ɗauka ba. Na buɗe shago, na kunna wuta, na liƙa ƙarfe ɗaya a karkace, na kashe. Na koma gida na zauna a falo.

Bayan la'asar Auta ta shigo tana ɗingishi, ƙafarta a naɗe da bandeji, rigarta da jinin da ba nata ba. Ba ta gaishe ni ba. Tunda ta iya magana ba ta taɓa wuce ni ba gaisuwa ba. Ta zauna a hannun kujerar uwarta, ta ciro waya.

"Umma, yau ake rufe rajista. Ƙarfe shida."

Uwar ta kalle ni, ta kalle ta. "Wace rajista kuma, Auta? Ba ki yi ba tun tuni?"

"Ban yi ba. Wata uku fom ɗin yana cikin wayata a cike. Dannawa kawai ya rage. Ina jiran Baba ya ce ya yarda." Ta yi 'yar dariya, ba ta daɗi ba. "Cewa na yi ba zan tsaya a layin farawa ba sai da albarkarsa."

Ban san wannan ba. Wallahi ban sani ba.

Ta fara karantawa da ƙarfi, ita da uwarta, kamar ba ni a ɗakin. Shekaru. Girman riga, ƙarama. Ko kina da ciwon zuciya, babu. Awa nawa kike sa ran gamawa, huɗu da rabi. Sai ta tsaya.

"Saura layi ɗaya in gyara. Wanda za a kira idan mai gudu ya faɗi a hanya."

"To ai lambar babanki ce," in ji uwar. "Ni kin san ba na jin ƙarar waya."

"Ita ce a ciki. Ita zan goge."

"Auta!"

"Umma, in na faɗi a kilomita na talatin, wani bawan Allah ya tsaya ya riƙe mini ƙafa, sai a kira Baba? Da me zai zo?"

Ina jin ƙarar maɓallin wayar. Ɗaya, ɗaya, ɗaya. Lambata ce take fita. Na ƙirga har ta ƙare.

"To ta wa za ki sa?"

"Ta wanda ke kwance a asibiti."

"Wanda ko tsayuwa ba zai iya ba?"

"Gara wanda ba zai iya zuwa ba."

Ta danna. Wayar ta yi ƙara, an karɓa. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da jaka ɗaya da farar rigar aikinta. Uwar ta riƙe jakar tana kuka, tana "Malam, ka yi magana mana! Ka ce wani abu!" Na san abin da ya kamata in faɗa. Kalma biyu ce, yi haƙuri. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"In kin fita ki ja mini ƙofa."

Ta ja. A hankali ma ta ja.

Kwana huɗu ba wanda ya wanke mini ido. Uwarsu tana ajiye mini shayi ba ta kallona, sukarin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Na ji a bakinta cewa Auta tana gidan matar nan mai furfura, kuma matar ta ba ta wani tsohon takalminta na gudu, ƙafarsu ɗaya, ya riga ya yi laushi. A rana ta biyar saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba.

"Baba, ni ne wanda ka karya. Ɗaki na shida, gadon bakin taga. Ka zo kai kaɗai. Ka bar rodin a shago."

Na je. Ba don tsoro ba. Na sa riga mai tsabta na je.

Ƙafarsa a cikin farin filasta tun daga gwiwa har yatsu, an ɗage ta a kan matashi biyu. Ya rame. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Akwai kujera, ban zauna ba.

"'Yan sanda sun zo," in ji shi.

"Ka gaya musu. Shagona ba ɓoyayye ba ne."

"Na ce su dawo bayan tsere."

"In ɗauri ne a shirye nake."

"Ɗauri ai hutu ne a wurinka. Kana zaune ana kawo maka abinci. Kar ka ɗauka yafe maka na yi, tsoho. Likita ya ce wataƙila in sake gudu, wataƙila a'a. Kullum da safe sai na tsine wa hannunka kafin in sha magani."

"Ka kira ni ne ka gaya mini wannan?"

Ya kwance agogon daga hannunsa. Baƙi ne, na roba, gilashin ya tsage a gefe. Ya ajiye shi a kan bargo.

"A hanyar tseren akwai tudu bayan kilomita talatin. A nan mutane ke zubewa, lokacin ƙafa ta riga ta mutu. Don shi muke hawan na bayan unguwarku. Zuwa biyu ya rage wa Auta kafin ta fara hutar da jiki, gobe da ran Asabar. Sauran sun watse, ba mai son ganin wurin tun ranar. Matar da ta sauke ta tana aikin safe. Auta ita kaɗai za ta je. Na san ta."

"To?"

"In ranta a ɓace yake da ƙarfi take farawa. Hawa uku na farko za ta ƙone kanta, a na shida ƙafar ta sake ɗaurewa, ba kowa a wurin. Dole wani ya tsaya a sama da ruwa, ya riƙe lokaci. Kowane hawa minti biyu da rabi. In ta iso kafin haka a ce mata ta rage. Sau takwas, ba ƙari." Ya tura mini agogon da yatsa. "Maɓallin sama na farawa ne, na ƙasa na tsayawa. Ka iya karanta lamba?"

"Ina auna ƙarfe tun uwarka tana goye da kai."

"To auna wannan."

Ban taɓa shi ba tukuna. Na ce, "Ta san zan zo?"

"Na gaya mata."

"Me ta ce?"

"Ta ce kar ka kuskura."

"To don me ka kira ni?"

Ya juya fuska wajen taga. "Don ba na son in auri macen da ubanta ke raye amma ba ta da uba. Kuma ina son ka hau tudun nan ka ji a jikinka."

Na ɗauki agogon. Igiyarsa ba ta zagaye hannuna ba, sai na sa shi a aljihu. Har na kai ƙofa ya ce, "Tsoho." Na tsaya. "In tana magana, kar ka kalli agogon. Ba a so."

Ban juyo ba.

Yau da safe na hau. Sau uku na tsaya ina neman numfashi. Gorar ruwa a hannun hagu, hannun dama ba komai. Na isa gindin tankin rana ba ta gama fitowa ba. Jinin yana nan a kan tsakuwa, ya yi baƙi, ba wanda ya share. Na matsa gefe na tsaya. Na gwada maɓallin sama, lambobi suka fara gudu. Na tsayar, na mayar da su sifili.

Sai na hango ta can ƙasa. Baƙin wando, ƙaramar hula, takalmin aro shuɗi. Ta miƙe hannuwa, ta girgiza ƙafafu, ta sunkuyar da kai ta taso. Na danna.

Da ƙarfi ta taso, yadda ya faɗa. Tsakuwa tana tashi a bayanta. Ta wuce rabi, ta sha kwanar ƙarshe, lambar ba ta kai minti biyu ba. Na ɗaga hannu, na buɗe muryar da na saba buɗewa.

"Rage! Kin yi sauri!"

Ta ɗago kai. Ta tsaya cak, taku goma tsakaninmu, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ta kalli agogon a hannuna. Ta kalli baƙin jinin a ƙasa. Tabon marina yana nan a leɓenta.

Ta sunkuya ta ɗauki dutse, cikin hannu guda, mai kaifi a gefe. Ta miƙe ta fara takowa.

Na ajiye gorar a ƙasa. Na cire hulata, don in jifa za ta yi, kar hular ta tare mata komai.